Damina Ba Ta Jiran Annoba

'Yan'uwa manoman Shuwak da kewaye,

A watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko da cutar korona a Sudan. Aka rufe iyakoki, a watan Afrilu kuma aka kulle Khartum, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ba mu ce kare rai laifi ba ne. Amma ku da kanku kun sani, hadari ba ya neman izinin gwamnati. Ruwa na sauka a watan Yuni da Yuli, wanda bai yi shuka a lokacin ba, shekara ta wuce shi.

Noman Gadarif noman inji ne tun shekarun 1940. Dawa da riɗin da ake taƙama da su ba sa fitowa sai da tarakta, da garmar faifai, da man jazulin. Bayan kowace tarakta kuma akwai mai walda, da maƙeri, da bakanike, da mai sayar da kayan gyara. In an rufe shagonsu, an rufe gona ke nan, ko da ba a sa mata kwaɗo ba. Ƙarfe guda in ya karye ranar shuka, kayan gyara na Khartum, hanya a rufe, me manomi zai yi? Haka ma masu matse man riɗi da masu injin niƙa. Su ne kasuwar ƙaramin manomi ta kusa.

Ku tuna abin da ya biyo baya. Layin jazulin ya yi tsawo, ƙaramin manomi ya koma saye a bayan fage. Ma'aikatan Habasha da ke shigowa yankan riɗi ta Gallabat suka yi ƙaranci, alhali riɗi in ya nuna ba ya jira, kwanaki kaɗan ya fashe ya zube ƙasa. A watan Oktoba na 2020 aka janye tallafin mai. Kafin ƙarshen shekarar, hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin 100. Wanda ya karɓi bashin salam daga Bankin Noma, an yanke masa farashin buhu tun kafin shuka. Da kaka ta zo, kuɗin da ya karɓa sun zama ruwa, buhunan da zai biya kuwa suna nan yadda suke.

Za a ce annoba ce ta duniya, ba laifin kowa ba. Gaskiya ne, cutar ba mutum ya kira ta ba. Amma tsari aikin hukuma ne. Ƙasashe da yawa sun kulle garuruwa, suka bar masana'antun kayan noma da na abinci suna aiki bisa sharaɗin tsafta. Mu ma a lokacin muna da Giyad da ke haɗa taraktoci a kudu da Khartum, muna da babban rumbun hatsi a Gadarif, ga madatsar Atbara da Sitit a ƙofar gidanmu. Kayan aiki akwai, mai tsarawa ne babu.

Ga abin da muke nema. A rubuta a doka cewa maƙera, masu walda da matatsun mai ba a rufe su lokacin annoba, sai dai a wajabta takunkumi, sabulu da tazara. A ba motocin kayan gyara takardar wucewa tsakanin jihohi. A buɗe ma'ajiyar kayan gyara a nan Shuwak kafin damina. A ware wa ƙananan manoma kason jazulin a hannun kwamitin da su suka zaɓa. A biya kuɗin salam kafin watan Yuni, a kuma sake duba farashin buhu da kaka in kuɗi sun faɗi.

Ɗan'uwa, duk wanda ya zo neman goyon bayanka, ka ɗora masa waɗannan buƙatu biyar, har da mu. Wanda ya kasa amsawa a fili, kada ka ba shi amanar gonarka. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. Allah ya yaye mana annoba, ya ba mu damina mai albarka.