NAZARI: Itatuwan da ake kashe kuɗi don a tumɓuke su, masana na neman magani a jikinsu

A jihar Florida ta ƙasar Amurka akwai wata bishiya mai jajayen 'ya'ya da hukuma ta haramta shukawa da sayarwa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, an kawo ta a ƙarni na 19 domin ƙawata gidaje, sai ta tsallake katanga ta shiga daji. Yau ta mamaye fiye da eka 700,000 a jihar, tana danne itatuwan da ta tarar. Masana tsirrai na kiran ta Schinus terebinthifolia, mutanen Brazil kuwa suna ce mata aroeira, kuma sun daɗe suna wanke miki da ita. Wani littafi kan tsirrai da dabbobin Brazil da aka buga a 1648 ma ya ambaci amfaninta.

Wannan tsohon sani ne ya ja hankalin Cassandra Quave, masaniyar tsirran magani a Jami'ar Emory da ke Atlanta. A 2017 ita da abokan aikinta suka wallafa sakamakon bincike a mujallar Scientific Reports, inda suka nuna cewa wani sinadari da suka tace daga 'ya'yan bishiyar ya hana ƙwayar cutar MRSA cin fatar ɓeraye. A 2020 suka ware sinadarai uku daga cikin abin da suka tace, waɗanda su ne ke yin aikin.

Abin da ya sa binciken ya yi fice shi ne yadda sinadaran ke aiki. MRSA wani nau'i ne na ƙwayar cutar da ke kawo maruru da ruɓewar miki, wanda ya daina jin magungunan da aka saba kashe shi da su. Ƙwayoyin ba sa fitar da gubarsu tun suna 'yan kaɗan. Suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, sai sun ji yawansu ya kai sannan su saki dafin gaba ɗaya. Sinadaran aroeira ba sa kashe ƙwayar. Toshe wannan saƙon suke yi, ta yadda rundunar za ta taru amma ba ta ji gangar yaƙi ba, garkuwar jiki kuma ta samu sararin yin aikinta. Fatan masanan shi ne maganin da ba ya kisa ba zai tilasta wa ƙwayar saurin koyon bijirewa ba kamar yadda magungunan kisa ke yi. Har yanzu fata ne, domin a jikin ɓeraye da cikin ɗakin gwaji aka ga hakan.

Duk da haka, ba a banza duniya ta saurara ba. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019, MRSA kaɗai ta ɗauki rayuka sama da 100,000. Yankin da mace-macen suka fi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. A Satumban 2024 shugabannin duniya sun yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da ke da alaƙa da wannan matsala da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Sababbin magunguna kuwa ba sa fitowa da saurin da tsofaffi ke mutuwa, saboda kamfanoni ba sa ganin riba a maganin da likita zai ɓoye sai ranar da komai ya gagara.

Akwai dalili mai ƙarfi da ke sa a dubi itatuwa masu mamaya musamman. Bishiyar da ta je baƙuwar ƙasa ta kori 'yan gida, sau da yawa da makami take tafe: sinadaran da ke hana ƙwari cin ganyenta, ko masu hana irin wasu tsirrai tsirowa a gindinta. Abin da ke kashe ƙwaro ko naman gwari, wani lokaci yakan yi aiki a kan cutar ɗan Adam. Dalili na biyu shi ne yalwa. Tarihin haɗa magani daga itatuwa cike yake da ɓarna. A tsaunukan Kamaru an yi ta saɓe ɓawon bishiyar Prunus africana ana kai shi Turai domin maganin kumburin mafitsarar maza, har sai da aka sa ta cikin jerin tsirran da ake taƙaita cinikinsu a 1995, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da sayen na Kamaru a 2007. Bishiya mai mamaya ba ta da wannan matsala. Ko an sare ta dubu, babu mai kuka.

Sai dai labarin ya fi haka sarƙaƙiya idan aka zo Afirka, inda mamayar ba ta tsaya ga ɓata kyan daji ba, abincin mutane take ci. Misali mafi girma shi ne Prosopis juliflora, wata ƙaya 'yar Kudancin Amurka da masana suka daɗe suna lissafawa cikin dangin kirya. An kai ta Sudan a 1917, daga baya aka baza ta a ƙasashe da dama, har da yankin Tafkin Chadi, domin tare hamada da samar da itacen girki. Ta tare hamadar, ta kuma ci gonaki da burtali da bakin rijiyoyi. Sudan ta ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa a 1995. A yankin Afar na Habasha ta rufe fiye da hekta miliyan ɗaya. A Kenya, inda ake ce mata mathenge, makiyayan Ilchamus na yankin Baringo sun kai gwamnati ƙara a 2006, suka shiga kotu da akuyar da haƙoranta suka zube saboda cin 'ya'yan bishiyar.

Ita ma wannan ƙayar tana ɗauke da sinadarai masu ƙarfi. Fitacce a cikinsu shi ne wanda ake kira juliflorine, kuma gwaje-gwaje a ɗakin bincike sun nuna yana hana wasu ƙwayoyin cuta da naman gwari yaɗuwa, yana kuma danne wani sinadarin jijiya da magungunan cutar mantuwa ta tsufa ke dannewa. Amma dangin waɗannan sinadarai ne ake zargi da lalata jijiyoyin shanu a arewa maso gabashin Brazil, inda dabbar da ta yawaita cin 'ya'yan take samun karkacewar fuska har ta kasa tauna. Tsakanin magani da guba a nan, tazarar ba ta kai taku ɗaya ba. Aroeira kanta dangin mangwaro da kashu ce, ruwanta kan sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ya sa masu binciken suka gargaɗi jama'a kada kowa ya tsinko 'ya'yan ya shafa wa miki.

Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Bandiagara na Mali, aka wallafa a 2017, ya ƙara dagula lissafin. Da aka sassare rassan Prosopis masu fure, yawan sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya ragu da fiye da rabi, domin da ruwan furen suke rayuwa a lokacin rani. Wato bishiyar da ake hasashen wata rana za ta ba da magani, tun yanzu tana ciyar da cuta.

Nan ne masu cewa a mayar da annoba arziki ke buƙatar taka-tsantsan. Haɗa magani ba ya cin daji. Idan sinadari ya yi nasara, abin da ba ya faruwa sai bayan shekaru goma ko fiye na gwaji, kuma mafi yawansu a hanya suke faɗuwa, kamfani zai nemi hanyar haɗa shi a masana'anta ko ya shuka gonarsa ta musamman don ya samu inganci iri ɗaya. Babu kamfanin da zai share hekta miliyan ɗaya a Afar saboda ƙwayar magani. Abin da ya fi haɗari shi ne, ranar da aka ce bishiya tana kawo kuɗi, ranar take samun masu kare ta, makiyayin da ta cinye wa burtali kuma ya rasa mai jin kukansa. Florida ba ta jira likitoci ba: tun 2019 ta fara sakin wani ƙaramin ƙwaro daga Brazil mai cin tohon aroeira.

Saura batun wa zai ci riba. Darbejiya, wadda aka kawo Afirka ta Yamma daga Indiya kuma ta zama mai mamaya a filayen Accra na Ghana, ta taɓa jawo shari'ar da ta zama abin misali. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya bai wa kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noman Amurka haƙƙin mallakar wata hanyar kashe naman gwari da man darbejiya. Masu fafutuka suka kawo hujjar cewa manoman Indiya sun daɗe da sanin haka, aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi raba amfani da ƙasar da tsiro ya fito da kuma al'ummar da ke da saninsa. Amma bishiya mai mamaya tana da gida biyu: sanin aroeira na Brazil ne, 'ya'yan da aka gwada kuwa a Florida aka tsinko su, a ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar.