Bature ya mayar da kifi cikin teku, mun yi masa dariya

Zare ne, kuma yana da ɗan tsawo. 'Yan Isa da Sabon Birni musamman, ku daure ku karanta har ƙarshe, don maganar gida ce.

Daren jiya a hostal wani abokina ya miƙo min waya, wai zo ka ga wauta. Bidiyon wani Bature ne a ɗan ƙaramin jirgi mai inji, a tekun Fasifik, gaɓar jihar Oregon ta Amurka. Ba ya jefa raga. Ya saki igiyar fatsa a bayan jirgi, ya ɗaura mata wani faranti mai ƙyalli da ke juyawa cikin ruwa, ƙugiya na biye da shi, jirgin kuma na tafiya a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa. Kifi ya hango ƙyalli, ya zaci ƙananan kifaye ne ke gudu, ya biyo ya cafka.

Ya jawo wani farin kifi fes, zai yi kilo 4. Koho sunansa, dangin samon ne. Ya leƙa bayansa, ya cire ƙugiya tun yana cikin ruwa, ya sake shi. Ɗaki ya ɗauki ihu. Wani ya ce wannan bai taɓa kwana da gari da ƙuli ba. Nima na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Sai dai abin ya tsaya min a rai, na ƙona sauran datata ina neman dalili.

Ashe koho iri biyu ne a ruwan nan. Akwai wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo na gwamnati aka sake shi, akwai na daji. Na kiwo, tun yana ƙarami ake yanke masa wani ɗan fiffiken tsoka da ke bayansa dab da wutsiya. Duk wanda ya taɓa riƙe kurungu ya san wannan fiffiken, shi ma yana da irinsa. To idan ka kama koho ka ga fiffiken na nan, na daji ne, a irin wannan lokacin doka ta ce ka mayar da shi. Dole ƙugiyarka ta zama marar kunne don ta fita ba tare da ta yaga bakinsa ba. Biyu kacal za ka ɗauka a rana. Kuma akwai adadin da aka yanka wa kowa da kowa a kakar, da an cika shi an rufe su, ko da jiya ka sayi jirgi.

Ba tausayi ba ne, wuya suka sha. Koho shekara 3 yake yi a duniya: a ƙorama ake haihuwarsa, ya tafi teku ya girma, ya dawo ƙoramar nan ya yi ƙwai ya mutu. Ka tare shi a hanya, ka kashe duk abin da ke cikinsa. Haka suka yi ta yi har a 1998 aka saka kohon gaɓar Oregon cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Nan ne dariyata ta tsaya. Domin mu da muke wa mutumin nan dariya, mun riga shi sanin wannan doka. Muna da ita. Hannunmu muka sake ta.

Ni ɗan Turba ne, ƙasar Isa. Wanda bai san yankin ba yana zaton ba mu da komai sai rairayi da labarin 'yan bindiga. Alhali Bunsuru da Gagare a wajenmu suke haɗuwa su zama gulbin Rima, gulbin Maraɗi kuma ya shigo daga Nijar ya same shi ta wajen Sabon Birni. Alƙalawa ma, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a bakin Rima yake. Idan damina ta kankama ruwa ya hau fadama, tarwaɗa sai ta bi shi ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai. Ruwa ya janye, ya bar tafkuna cike da 'ya'ya. Gaiwa kuwa ta shige laka ta yi kwanciyarta har wata damina.

Kawuna masunci ne. Abin da yake yawan faɗa shi ne, "Da munka taso, wanga tabki ba mai sa mai ƙafa sai Sarkin Ruwa ya ce." Ana rufe tafki watanni. Wanda aka kama yana satar su, a ƙwace komarsa, a ci shi tara, ga kunya a gari. Ranar buɗewa kuwa a yi shela, ƙauyuka su taru da koma da gora, kowa ya koma gida da abin kirki.

Ku duba Argungu. Tun 1934 ake bikin, UNESCO ta karrama shi a 2016, kowa na ɗora hoton ƙatuwar giwar ruwa yana alfahari. Amma me ya sa ake samun irin wannan kifi a Matan Fada? Don an hana su a wurin sai lokacin biki. Muna son hoton, ba ma son haƙurin da ya haife shi.

Hutun da ya wuce na bi kawu a kwale-kwale. Da can da asuba yake fita, yanzu sai rana ta ɗaga an ga hanya, kun san dalili. Muka ɗaga kalli: karfasa 'yan ƙalilan, tarwaɗa biyu da ba su kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Gefenmu wasu yara huɗu na jan gidan sauro. E, gidan sauron da ake rabawa kyauta don zazzaɓin cizon sauro, an ɗinke uku wuri guda. Abin da suka zube a gaɓa ya fi namu nauyi, amma duk 'yan mitsi-mitsi ne kamar farce, ko ƙwai ba ya tsira a wannan raga. Kawu bai ce musu komai ba. Ɗaya daga ciki ɗan maƙwabcinsa ne, uban kuma an kashe shi a gona.

Shi ya sa ba na son wani ya zo min nan da "talakawa ba su da tunani". Mutumin Oregon nishaɗi ya kai shi teku, in bai kama komai ba akwai nama a firij. Mu kuwa gonakin nesa sun gagara, tafkunan nesa sun gagara, mutanen ƙauyuka sun tattaro cikin gari. Manomin da bai taɓa riƙe koma ba ya koma su, kuma duk a ɗan ruwan da ke kusa da gari ake turmutsitsi. Ga madatsar Goronyo da aka gama a 1984 tsaye tsakaninmu da ƙasan Rima, kifin can ba ya hauro mana yadda ya ga dama. Duk na yarda.

Amma yunwar nan ce hujjata, ba hujjarku ba. Wanda ke da firij in kifi ya ƙare, abin sha'awa ya rasa. In ya ƙare mana, miya muka rasa, da kuɗin magani, da sana'a ɗaya da ta rage wa irin su kawu. Kwano guda na 'yan mitsi-mitsin nan, da an bar shi wata biyar, kwanduna ne.

Masu zuba Gamalin a tafki kuwa ba ni da uzurin da zan ba su. Kakanni ma sun san magimfa, ba waliyyai ba ne, amma wannan maganin ƙwari ne. Ya kashe babba da ƙarami, shanu su sha ruwan, yara su yi wanka, kifin kuma a soya a kawo tasha mu saya da yaji. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. A takarda. Yaushe rabon da wani jami'i ya taka bakin gulbinmu? Ban ma ga laifinsa sosai ba, hanyar ce.

Sarkin Ruwa fa? Yana nan cikin gari, masallaci ɗaya muke sallah. Ba ya buƙatar mota da rakiyar sojoji kafin ya isa tafki. Abin da ya rasa shi ne goyon baya: ya hana, wani mai uwa a gindin murhu ya sa baki, magana ta mutu. In hakimi da limamai suka tsaya a bayansa, ba sai an rufe ko'ina ba. Tafki ɗaya a kowane gari, daga hawan ruwa zuwa bayan kaka. Sauran a bari a ci abinci, amma ban da gidan sauro, ban da guba.

'Yan siyasarmu masu rabon tallafi, ga wata shawara kyauta: maimakon buta da atamfa mai hotonku, ku sayo kalli mai faɗin ido. Yaro ya kawo gidan sauron da yake ja, a ba shi raga ta gaskiya. In kuna so ku buga hoton naku a jikin gora, ba mu hana ba.

Na san wani zai ce ana kashe mutane kana maganar kifi. Ɗan'uwa, gidanmu ma an yi zaman makoki, ba labari aka ba ni ba. Waɗanda suka rage fa, ba za su ci abinci ba?

Idan Allah ya kai mu hutu zan roƙi kawu ya kai ni gaban Sarkin Ruwanmu in gaishe shi, in ji daga bakinsa me ya hana a rufe tafkin bayan gari bana. Zai iya cewa ɗan boko ya zo da surutu, ba komai. Kafin nan, 'yan Gatawa, Unguwar Lalle, Goronyo, Shinkafi: akwai garin da har yanzu ake rufe ruwa a wajenku? Wa ke rufewa, kuma me ake yi wa wanda ya karya? Ku faɗa min a ƙasa, ina son in je masa da sunan gari ko da guda ɗaya ne.