Mata, Mu Haɗa Alƙalami

A zamanmu na ƙarshen shekara, mu da ke haɗuwa karatu ran Asabar, kowacce ta faɗi littafin da ya fi burge ta. 'Yan makaranta suka zaɓi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Matan aure kuwa Jiki Magayi suka riƙe, don yadda dukiya ta raba Zainabu da Abubakar.

Sai wata ta ce wai littafin mutum biyu ba ya daɗi. Ban yarda ba. John Tafida da Rupert East suka rubuta shi tun shekarun 1930, har yau muna gardama a kansa.

To, mu me ya hana mu? Ga uwargida da labari fal ciki, amma girki da raino sun hana ta zama, wata ma ba ta yi boko ba. Ga ƙanwarta mai kyan rubutu, ba ta san zaman aure ba tukuna. Su zauna bayan lisha, wannan na faɗi, wannan na rubutawa. Amma ke 'yar makaranta, in an buga, sunan Yaya ya fito a bango tare da naki.