'Yancin kan da bai shiga labo ba

'Yan uwa matasa, yau ba maganar uraniyum ko fetur za mu yi ba. Maganar wani ɗan gari ne da ake sayarwa a ƙasan kwalba, wanda ko ka ɗaga ta sama da ƙyar idonka ya gan shi, amma kuɗinsa kan wuce na buhun tattasan Diffa.

Ga yadda abin yake. Jikin mutum da na dabba an gina su da ƙwayoyin halitta, kuma ƙwayar ba ta girma ko rabuwa biyu sai ta samu saƙo. Saƙon nan wani furotin ne, masana na ce masa sinadarin girma. Stanley Cohen ya gano ɗaya daga cikinsu, EGF, a jijiyar yawun ɓera: jariran ɓerayen da ya yi wa allurarsa sai suka buɗe ido, haƙoransu suka fito tun lokaci bai yi ba. Shi da Rita Levi-Montalcini suka raba kyautar Nobel a 1986. Yau galibi ba a tatsar ɓera. Ana ɗaukar ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin furotin ɗin, a dasa ta cikin bakteriyar E. coli, ita kuma ta yi ta ƙera shi cikin tulu kamar ma'aikaciyar da ba ta neman albashi. Sai a tace, a busar, a auna da mikrogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Da irin wannan garin ake raya ƙwayoyin hanta ko na hanji a cikin faranti, a saka musu cuta, a ga yadda take cin su da abin da zai tsayar da ita.

To, ina ruwan Diffa?

Ku tuna 2016, lokacin da hare-hare suka tayar da mutanen Yebi da Bosso, suka baro bakin Komadugu suka zube a gefen kwalta, inda ruwan sha ya fi komai wuya. Farkon 2017 sai mata masu ciki suka fara zuwa asibiti a Diffa idonsu ya yi rawaya, wasu ba su koma gida ba. An fara zaton masassarar shawara ce. Sai da jini ya yi tafiya har cibiyar Pasteur ta Dakar kafin a tabbatar cewa ciwon hanta ne nau'in E, aka kuma sanar da annobar a watan Afrilu. Daga Diffa zuwa Yamai kaɗai ya fi kilomita 1,300, balle Senegal. Wata uku ke nan ana binne mata ba a san sunan abin da ke kashe su ba.

Abin da ya fi ciwo, a lokacin akwai rigakafin wannan cuta. Sunansa Hecolin, ana yin sa a ƙasar Sin, kuma da dabarar nan ta E. coli ake yin sa. Amma ba a yi amfani da shi wajen tare annoba ba sai 2022, a Bentiu ta Sudan ta Kudu. Wanda ke da tulun shi ke da magani, saura sai jira.

Na san abin da wasu za su ce: ga rashin tsaro, ga ambaliyar Komadugu, ga makarantu a rufe, kai kana zancen faranti? Ban raina wannan magana ba. Amma Levi-Montalcini ɗin nan, lokacin da dokokin Mussolini suka kore ta daga jami'a saboda Bayahudiya ce, a ɗakin kwananta ta kafa labo, da ƙwan kaji, ana tsakiyar yaƙin duniya. Kyuba kuwa, da takunkumin Amurka a wuyanta, ta buɗe cibiyar ƙera irin waɗannan furotin a Havana a 1986, har ta fitar da Heberprot-P, wato EGF ɗin nan da ake yi wa masu ciwon suga a gyambon ƙafa don kada a yanke ta. Ba su jira komai ya gyaru ba tukun.

Mu ma ai mun ɗanɗana takunkumi. A 2023 CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta katse mana wuta. Duk wanda ke da irin wannan kwalba a firigo ya san abin da hakan ke nufi, don da zarar an narkar da garin sai an ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Wuta ta daɗe ba ta dawo ba, aikin watanni ya tafi, kuma ba hanyar shigo da wata.

Ba daga sifili za mu fara ba. CERMES na nan a Yamai, LABOCEL na yin rigakafin dabbobi, Jami'ar Diffa kuma tun 2014 aka kafa ta. Ba na cewa gobe Diffa ta fara sayar wa duniya EGF. Ina cewa dasa ƙwayar gado cikin bakteriya aiki ne da ɗaliban jami'a ke koya a ƙasashe da yawa, kuma abin da yake buƙata bai kai kuɗin wasu bukukuwan da muke gani ba: firigo mai aiki da hasken rana, injin gwajin PCR, ruwa mai tsabta, da malamin da aka ba dalilin zama a Diffa maimakon ya tsere Yamai.

Saboda haka idan an zo muku da jawabin 'yancin kai, ku tafa in kun ga dama, sannan ku tambaya: nawa aka ware wa bincike a kasafin bana, kuma nawa ne daga ciki zai wuce Damagaram ya iso Diffa? In jinin wata mai ciki ya sake yin rawaya a Tumur ko Bosso, a wane gari za a gwada shi?