Haƙorin Ƙurya: Kar Ka Baro Asibiti Sai Ka Yi Tambaya



Yau maganarmu a kan haƙorin nan ne na can ƙuryar baki, matauni na ƙarshe, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa ba ya samun wuri, sai ya fito a karkace ko ya maƙale a dasashi, har ta kai ga cirewa. Ana yawan tambayata: "Malam, an cire, ga kumburi, ga wari, me zan sa?" Amsata ita ce, rabin wannan fargabar tun a ɗakin likita ya kamata a kashe ta.

Mu a Birnin Gwari lamarinmu daban ne. Tsakaninmu da Kaduna ya haura kilomita 100, ta Udawa da Buruku. Alhamdu lillahi tun sulhun ƙarshen 2024 hanya ta yi sauƙi, amma har yanzu ba wanda zai so ya ratsa dajin nan da dare saboda haƙori, balle mutumin Randagi ko Dogon Dawa. Wanda ke cikin Kaduna zai iya komawa gobe ya ce ya manta bai tambayi kaza ba. Kai fa?

Don haka kafin a taɓa bakinka, ka tabbata likitan haƙori ne mai rajista, ba mai ƙwanƙwasa haƙori a kasuwa ko bayan kemis ba. Ƙarfen da ba a dafa shi yadda ya dace ba yana ɗaukar ciwon hanta daga wani bakin zuwa wani. Ka tambaya ko za a ɗauki hoto, domin saiwar haƙorin ƙasa tana kusa da jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji. Ka faɗa masa in kana da suga, hawan jini, sikila, ko kana shan maganin tsinka jini. Mace mai ciki ita ma ta faɗa. Sannan ka ce: "Likita, daga nesa nake. Me zan gani in kwantar da hankali, me zan gani in dawo, kuma wa zan kira?" Wannan haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne. Likitocinmu kuma, don Allah, minti biyar na bayani da Hausa ya fi doguwar takardar da mara lafiya ba zai iya karantawa ba.

Ga sirrin warkewa: gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin da Allah Ya yi wa ƙashi. Duk aikinka a kwanakin farko shi ne kar ka tayar da shi. Ka ciji audugar da aka sa maka kamar minti 30. Awa 24 na farko babu kurkure baki, babu yawan tofar da yawu, babu zuƙar abin sha da tsinke. Sigari da goro a ajiye su. A ci abu mai laushi, kunun da ya huce ko fate. Tsire, ƙuliƙuli, aya da rake su jira.

To alwala fa? A mazhabar Imamu Malik kurkure baki sunna ce, ba farilla ba, kamar yadda muka karanta tun a Ahalari da Ishmawi. In ka bar ta ranar farko saboda lalura, alwalarka ta inganta. Jinin da ke tsattsafowa daga dasashi shi ma ba ya warware alwala a wannan mazhaba. Asuwaki kuma ka yi a sauran haƙora a hankali, ka kauce wa wurin.

Bayan kwana ɗaya, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka riƙe a baki ka bari ya zubo da kansa, bayan kowane cin abinci. Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauka. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Na san wani zai ce, "Malam, kai mai maganin Musulunci ne, ina kanumfari, ina habbatus sauda?" Kanumfari gaskiya ne yana rage zafi, su kansu likitoci suna amfani da sinadarinsa. Amma cusa shi cikin ramin da bai warke ba, ko kanwa, ko garin taba, ko ruwan batir, wa'iyazu billahi, ƙona nama yake ya ƙara ciwo. Asfirin kuma tsinka jini yake. Habbatus sauda da zuma ka sha abinka, rami dai a bar shi. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma kowane ciwo da masaninsa.

Idan zafi ya ragu sannan ya dawo da ƙarfi wajen kwana na uku zuwa na biyar, yana harbawa har kunne, ga wari, to murfin ya fita. Likita ne zai wanke ya sa magani, kuma sauƙi na zuwa da wuri. Idan leɓe ko harshe ya kwana a mace bayan allura, a sanar da shi.

Amma waɗannan ba a kwana da su: kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, zazzaɓi mai zafi, baki ya ƙi buɗuwa, ko jini ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga. Nan take a nufi babban asibitin garin nan, in sun tura Barau Dikko a Kaduna ko Shika a Zariya, a tafi. Kumburin wuya yana iya toshe numfashi. Maigida, in matarka ko ɗanka ne, kar ka ce a bari sai ranar kasuwa.

Shawarata ga mai zuwa daga nesa: a yi aikin da safe, a farkon mako, in da hali a kwana ɗaya ko biyu wajen 'yan uwa a Kaduna kafin a kamo hanya. Kuɗin mota sau biyu ya fi wannan tsada.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari. A tura wa 'yan uwa.

Wassalamu alaikum.