Abin da Kogin Yauri Zai Koya wa Masu Ɗaukar Bidiyon Waƙa

Duk wanda ya kalli bidiyon waƙoƙin Hausa goma a jere zai lura da hotuna iri ɗaya suna ta dawowa. Jirgi marar matuƙi ya yi shawagi a kan wani katafaren gida, sai fuskar mawaƙi ta cika allo, sai mota, sai mai rawa, sai a koma kan fuska. Launi ya fito, kyamara mai tsada ce. Amma da za a kashe sautin, da wuya mai kallo ya iya faɗin abin da ya faru tsakanin farkon bidiyon da ƙarshensa, balle garin da aka ɗauke shi. Tushen wannan rauni shi ne rashin tunani a kan inda ake ajiye kyamara da dalilin ajiye ta a can.

Mai ɗaukar hoto yana da manyan zaɓuɓɓuka uku. Hoton nesa yana faɗa wa mai kallo inda ake, da girman mutum a cikin muhallinsa. Matsakaicin hoto, daga ƙugu zuwa kai, yana nuna wanda ke tare da wa. Hoton kusa kuwa yana shiga zuciya: ƙiftawar ido, rawar leɓe. Labari yana fitowa ne daga yadda aka jera su. Kimanin shekara 100 da suka wuce, Lev Kuleshov na Rasha ya gwada haka: ya haɗa fuskar ɗan wasa ɗaya da hoton kwanon miya, da na gawa a akwati, da na mace, sai masu kallo suka ga yunwa, da baƙin ciki, da bege, alhali fuskar ba ta sauya ba. Idan hoton da ke biye bai ƙara wa na gabansa wata ma'ana ba, to ado ne kawai.

Rawa ta fi komai shan wahala a hannun mai yankan hoto. Fred Astaire, gwanin rawa a finafinan Amurka na shekarun 1930, ya dage a riƙa ɗaukarsa daga kai har ƙafa ba tare da yawan yankewa ba, domin taku yana farawa daga tafin ƙafa ya ƙare a kafaɗa. Bidiyon “Single Ladies” na Beyoncé na 2008 ya bi wannan hanya: mata uku, fili fayau, hoto baƙi da fari, kyamara tana ba jiki lokaci ya kammala motsinsa. A yawancin bidiyonmu ana yanke hoto kafin ƙafa ta sauka, don haka mai kallo ba ya sanin ko mai rawar gwani ne ko kuwa na'ura ce ta rufa masa asiri.

Akwai kuma batun kunya da mutunci. Tun zamanin fim ɗin Sangaya, waƙa da rawa suka zama ginshiƙin kasuwar Kannywood, kuma tun kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 ake ta jan igiya a kansu. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon “I Love You” na ClassiQ. A irin wannan rikici, wadda ke gaban kyamara ce ke ɗaukar laifi. Ana mantawa da cewa wanda ke bayan kyamara shi ne ke zaɓar ko a nuna mutum sukutum yana rawa a cikin jama'a, ko a matso a ware wani sashe na jikinsa a cika allo da shi. Wannan hukunci na darakta ne, kuma ya kamata masu suka su fara neman sunansa.

Wayar hannu ta ƙara ƙuntata fili. Lokacin da “Jaruma” ta Hamisu Breaker ta karaɗe gari a 2020, abin da ya fi yawo shi ne gajerun bidiyon da mutane suka ɗauka a ɗakunansu da waya a tsaye. Tun daga nan daraktoci suka riƙa tsara hoto da TikTok a zuciya. Lissafin kuwa a fili yake: idan aka yanke hoton kwance mai ma'aunin 16 da 9 don ya dace da allon tsaye, kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa sun tafi. Abin da ke saura shi ne mutum ɗaya a tsakiya, ba gari, ba jama'a.

Wanda ke son ya sake koyon amfanin hoton nesa, ya tafi Yauri ta Jihar Kebbi ranar bikin Rigata. A kan Kogin Kwara dogayen jirage ke jeruwa cike da matuƙa, filafilai suna shiga ruwa su fito tare, ana kiɗa ana kirari daga gaɓa. Wannan rawa ce da aka gama tsarawa tun kafin kyamara ta zo, kuma kowane motsi a cikinta yana da dalili, domin wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa a bugun filafili ya jawo wa jirginsa baya. Hoton kusa shi kaɗai ba zai iya ɗaukar wannan ba. Sai an ja baya an ga jirage biyu kafaɗa da kafaɗa, sannan a matso kan damtsen matuƙi, sannan kan fuskar yaron da ke ihu a gaɓa. A nan ne ma jirgi marar matuƙi yake da aikin yi na gaskiya, don daga sama kaɗai ake ganin wanda ke gaba.

Gaɓar tafkin kuma cike take da labari. An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya shanye garuruwa da tsibirai, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, ciki har da Gungawa mazauna tsibiran ƙasar Yauri. Har yau ruwan yana cika yana janyewa kowace shekara, manoma suna bin sawunsa da albasa da shinkafa, Sarkawa suna jefa taru, mata suna banda kifi daga Yelwa har Warra. Waƙoƙinmu na soyayya rabuwa da bege suka fi yawa a cikinsu. Jirgi yana barin gaɓa, wadda aka bari tana ƙanƙancewa a cikin hoto har ta zama ɗigo: wannan ɗauka guda ta isar da abin da baiti uku ke ƙoƙarin faɗa.

Za a ce tafiya daga Kano ko Kaduna zuwa Yauri da ma'aikata da kaya tana cin kuɗi, ga fargabar hanya. Gaskiya ne. Sai dai hayar gida da mota ma kuɗi ne, kuma matasan Yauri da Ngaski da Shanga da ke ɗaukar bukukuwa ba sa buƙatar kuɗin mota. Kogin yana ƙofar gidansu. Abin da ya fi nauyi shi ne haƙƙin mutanen wurin. Kogin ba labule ba ne da ake ratayawa a bayan mawaƙi. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da fasinjoji kusa da Warra, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wanda zai ɗora masu rawa a kwalekwale, ya sa musu rigar kariya, ya kuma bar ta ta fito a hoto. Ya nemi izinin masu gari da na Sarkin Ruwa, ya biya matuƙan da ya ɗauka, ya rubuta sunan garin a allo.

Sauran aikin a kan takarda ake fara shi. Kafin a kunna kyamara, darakta ya rubuta jerin hotunansa, ya sa dalili a gaban kowanne: wannan zai nuna inda ake, wannan zai nuna wanda ke jira, wannan zai bar taku ya kammala. Hoton da aka rasa dalilin da za a rubuta a gabansa, a cire shi tun kafin a kashe masa kuɗi.