Kar a yar da injin wanki saboda roba

'Yan uwa na Zongo, in injin wanki mai ƙofa a gaba ya fara yoyo, kar a ce ya mutu. Yawanci robar bakin ƙofa ce ta tsage, saboda tsabar sefa ko fil da aka manta a aljihu. Injinan namu galibi na hannu ne daga tashar jirgin ruwan Lome, don haka kwafi lambar injin kafin ka je sayen roba. Cire wuta tukuna. Kwance zobban waya biyu, na waje da na ciki, ka sa sabuwar robar, ramukanta su kasance a ƙasa. Kar a ja lokaci: ruwa kusa da wayar lantarki, ga yara ba takalmi. Uwargida, bar ƙofar a buɗe bayan wanki, danshin teku na kawo fumfuna.